Baduwanjin: Jagorar Motsa Jiki Takwas na Mutanen Sin

Wanda ya san wasannin faɗa na ƙasar Sin ta finafinan kunfu kaɗai zai ɗauka duk abin tsalle ne da shuri da fasa bulo da hannu. Amma da zai leƙa lambunan shaƙatawa na Beijing ko Shanghai da sassafe, wani abu daban zai tarar. Dattawa maza da mata ne a tsaye sahu-sahu, suna ɗaga hannuwa suna saukewa a hankali, babu haki, babu hayaniya. Wasunsu wasan faɗa mai laushi da ake kira Taici suke yi, wasu kuma Cigong, wato horar da jiki da numfashi da hankali a lokaci guda. A cikin nau'o'in Cigong, Baduwanjin na daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa da sauƙin koyo. Motsi takwas ne kacal, ana gama su cikin kimanin minti 12, ba a bukatar kayan aiki ko fili mai faɗi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi ne mai wuyar: a yi shi a hankali, a yi shi kullum.

Inda ya samo asali

Motsa jiki don neman lafiya tsohon abu ne a ƙasar Sin. A shekarar 1973 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha na lardin Hunan, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. A ciki suka sami ƙyallen siliki mai ɗauke da zanen mutum 44, maza da mata, wani yana miƙa, wani ya sunkuya, wani ya juya ƙugu. Bayan wannan zamani aka yi shahararren likita Hua Tuo, wanda ya rasu wajajen shekara ta 208, shi ne ake jingina wa wasan dabbobi biyar, inda mutum ke kwaikwayon motsin damisa da barewa da beyar da biri da tsuntsu.

Sunan Baduwanjin kansa ya bayyana a rubuce a zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. Labarin baka yana cewa sarkin yaƙi Yue Fei ne ya tsara shi don ƙarfafa jikin dakarunsa, sai dai wannan labari ne na gargajiya. Abin da ya tabbata shi ne an yi ta gadonsa hannu da hannu, har ya rabu gida biyu, na zaune da na tsaye, kuma kowane yanki da irin salonsa. A 2003 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tattara masana suka fitar da tsari guda na tsaye, wanda shi ake koyarwa yau a makarantu da asibitoci. Shi ne aka ga majinyata da ma'aikatan jinya suna yi a asibitocin wucin gadi na Wuhan a farkon 2020. Wannan tsari ne za mu bi a nan.

Tunanin da ke ƙarƙashinsa

Likitancin gargajiya na Sin ya ginu a kan cewa akwai wani ƙarfin rai da ke zagaya jiki, suna kiransa ci. A fahimtarsu, idan yana gudana babu cikas, mutum na cikin lafiya, idan kuwa ya maƙale, ciwo ya samu ƙofa. Ba dole sai ka ɗauki wannan bayani yadda yake kafin ka amfana ba. Abin da jikinka zai shaida maka a fili yake: gaɓoɓi na sakewa, numfashi na zurfafa, tsayuwa na ƙara ƙarfi, zuciya na kwanciya.

Ginshiƙi na biyu shi ne yin da yang, wato kowane abu yana tafiya ne da kishiyarsa. A aikace, ma'anarsa ita ce duk miƙewa sakewa na biye da ita, duk hawa da sauka, duk abin da hagu ta yi dama ma za ta yi. Wanda ya miƙe bai sake ba ya yi rabin aiki, haka ma wanda ya sake bai miƙe ba.

Malaman wannan fanni suna maganar gyara uku: gyaran jiki, gyaran numfashi, gyaran zuciya. A jere suke, ba a tsallake na farko a kama na uku. Sai tsayuwa ta daidaita numfashi ke daidaita, sai numfashi ya daidaita tunani ke natsuwa.

Musulmi mai karatu na iya tambaya ko akwai bauta a ciki. Gaskiya ne cewa bayanan da aka kewaye wannan horo da su sun fito daga falsafar Dao da likitancin gargajiya na Sin. Amma motsin takwas ɗin kansu babu sujada ga wani abu a cikinsu, babu kiran sunan kowa, babu wani wuridi. Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui sun daɗe suna cikin manyan gwanayen wasannin faɗa na ƙasar. Wang Ziping, mutumin Cangzhou da ya rayu daga 1881 zuwa 1973, Musulmi ne, gwanin salon Cacuwan, kuma sanannen maɗori a Shanghai, har ma ya tsara nasa jerin motsa jiki guda 20 don kiyaye lafiya.

Kafin ka fara

Nemi wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, marar santsi, inda za ka buɗe hannuwa ba ka taɓa bango ba. Tsakar gida ko falo ya isa. Sa tufafi masu yalwa, ka kwance agogo da ɗamara. Takalmi ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ko ka tsaya ba takalmi a kan tabarmar da ba ta zamewa. Mafi dacewar lokaci shi ne da safe kafin rana ta yi zafi, ko da yamma likis. Kada ka yi da cikakken ciki, bari awa ɗaya ta wuce bayan cin abinci. Lokacin hunturu ka shiga daga ciki, domin aikin na numfashi ne, bai kamata ka yi ta zuƙar ƙura ba. Kashe ƙarar waya.

Tsayuwa, uwar aikin

Haɗe ƙafafu, hannuwa a sake a gefen cinyoyi. Mayar da nauyinka kan ƙafar dama, ka ɗaga ta hagu ka ajiye ta gefe, faɗin kafaɗunka, yatsun ƙafa duka suna kallon gaba. Sassauta gwiwoyi kaɗan. Kawo hannuwa gaban mara kamar ka rungumi babbar ƙwallo, tafuka na kallon ciki daidai cibiya, tsakanin yatsun hannu biyu kimanin santimita 10.

Yanzu bi jikinka daga sama zuwa ƙasa. Kai ya tsaya cak kamar na mace mai ɗauke da tulun ruwa: tsakar ka na tokare sama, haɓa ta ɗan shiga ciki, ƙeya ta miƙe, amma wuya bai sandare ba. Harshe ya taɓa dasashin sama, bayan haƙora, baki a rufe. Kafaɗu su faɗo, kada su haɗiye wuya. Gwiwar hannu ta rataya, a bar 'yar tazara a hammata. Ƙirji kada a banƙaro shi irin na soja a fareti, kada kuma a ranƙwafa. Ƙugu ya sake, mazaunai su ɗan shiga ciki kamar za ka zauna a bakin kujera mai tsawo. Gwiwa kada ta wuce yatsun ƙafa, kada kuma ta karkata ciki. Nauyi ya bazu a tafin ƙafa gaba ɗaya.

Sai ka kai hankalinka wani wuri a cikin mara, kimanin faɗin yatsu uku ƙasa da cibiya. Mutanen Sin suna kiransa dantiyan, kuma a wurinsu nan ne cibiyar nauyin jiki da mazaunin numfashi. Tsaya haka minti ɗaya ko biyu. Za ka ji cinyoyi sun ɗauki ɗumi, wataƙila su ɗan yi rawa, tafukan hannu su yi nauyi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Kada ka raina tsayuwar nan, domin a cikinta kowane motsi ke farawa, kuma cikinta yake komawa.

Na ɗaya: tallabar sama da hannu biyu

Sauke hannuwa gaban mara, ka sarƙe yatsu, tafuka na kallon sama. Miƙe gwiwoyi a hankali yayin da hannuwan ke hawa zuwa ƙirji. Daga nan juya tafuka su kalli waje, sannan sama, ka tura su bisa kai, idanu na bin su. Da hannuwa sun miƙe, dawo da haɓa ciki ka kalli gaba, ka ɗan dakata kana jin miƙewar tun daga haƙarƙari har ƙugu. Sai ka warware yatsu, hannuwa su sauko ta gefe biyu, gwiwoyi su sassauta, tafuka su sake haɗuwa gaban mara. Sau shida.

Gindin tafin hannu ne ke turawa, ba yatsu ba. Wajen saukowa kafaɗa ce ke fara sakewa, sai gwiwar hannu, sai wuyan hannu. Likitocin Sin na cewa wannan motsi yana daidaita sassa uku na gangar jiki, wato ƙirji, da ciki na sama, da mara. Mai yini a kan tebur ko a kan keken ɗinki zai fi kowa jin daɗinsa.

Na biyu: jan baka hagu da dama

Buɗe ƙafar hagu sosai, fiye da faɗin kafaɗa. Gicciya hannuwa gaban ƙirji, na hagu a waje, tafuka na kallonka. Sauka a hankali cikin tsayuwar mahayin doki, wato gwiwoyi a lanƙwashe, baya a miƙe. Hannun dama ya lanƙwashe yatsu kamar ya kama tsirkiya, ya ja zuwa gaban kafaɗar dama. Hannun hagu kuma ya miƙar da babban yatsa da manuni, sauran ukun a lanƙwashe, ya tura gefen hagu daidai tsayin kafaɗa. Juya kai ka kalli saman manunin. Dakata. Sai ka mayar da nauyi kan ƙafar dama, ka buɗe hannun dama ya zagaya sama zuwa gefe, ka jawo ƙafar hagu ta haɗu da 'yar uwarta, hannuwa su sauko gaban mara. Maimaita ta dama. Sau uku kowane gefe.

Hannu biyun su ja da ƙarfi iri ɗaya, har ka ji allunan kafaɗa sun matso juna, ƙirji ya buɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗage kafaɗa da turo mazaunai baya. Idan gwiwarka ba ta yarda da sauka ƙasa sosai ba, tsaya a sama, babu laifi.

Na uku: hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa

Koma tsayuwar faɗin kafaɗa, hannuwa gaban mara, tafuka sama. Yayin da gwiwoyi ke miƙewa, hannun hagu ya bi ta gaban fuska ya hau, ya juya ya tokare sama, tafin na kallon sama, yatsu na nuna dama. A daidai lokacin hannun dama ya danna ƙasa a gefen cinya, tafin na kallon ƙasa, yatsu na nuna gaba. Gwiwar hannu ta ɗan rage lanƙwasa, kada ta ƙame. Dakata, sannan hannun sama ya dawo ta hanyar da ya bi, su haɗu gaban mara. Sau uku kowane gefe.

A nan ne za ka ji yin da yang a jikinka, ƙarfi ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, tsakiyar jiki na miƙewa tsakaninsu. A al'adar Sin ana danganta shi da gyaran ciki da saifa, wato narkewar abinci.

Na huɗu: waiwaye

Miƙe gwiwoyi, hannuwa su miƙe ƙasa a gefen jiki, tafuka na kallon baya. Murɗa hannuwan gaba ɗaya zuwa waje, tun daga kafaɗa, har tafuka su kalli waje, babban yatsa ya nufi baya. A lokaci guda juya kai hagu, idanu su leƙa baya iyakar inda suka iya. Dakata. Dawo da kai tsakiya, hannuwa su warware, gwiwoyi su sassauta, tafuka su danna ƙasa a gefen ƙugu. Sai dama. Sau uku kowane gefe.

Kai ne ke juyawa, ƙirji da ƙugu suna nan suna kallon gaba. Kada ka karkatar da kai ko ka ɗaga haɓa. Wanda wuyansa ya ƙage saboda duban waya ya yi wannan da lallashi, kada ya fizga.

Na biyar: kaɗa kai da ƙugu

Wannan ne mafi wuya a cikin takwas ɗin, don haka a ba shi haƙuri. Buɗe ƙafar dama sosai, ka ɗaga hannuwa bisa kai, ka sauke su ta gefe yayin da kake sauka tsayuwar mahayin doki, tafuka su kwanta a kan cinyoyi sama da gwiwa. Ɗan taso kaɗan, ka mayar da nauyi dama, gangar jiki ta karkata dama, idanu na kallon ƙafar dama. Daga nan sunkuyo, ka zagayo da gangar jiki ta gaba zuwa hagu, nauyi na bin ta, idanu na duban dunduniyar dama. Sai ƙugu ya zagayo ya koma tsakiya, kai ya kewayo ta baya a sake, jiki ya miƙe, haɓa ta shiga ciki. Maimaita daga hagu. Sau uku kowane gefe.

Ka ji kamar wuya da ƙarshen ƙashin baya suna jan juna, ɗaya can, ɗaya nan. Tafukan hannu dafawa kawai suke yi, ba su ɗauke da nauyin jiki. Masu likitancin Sin na cewa yana kwantar da zafin zuciya, abin da ke zuwa da rashin barci da saurin fushi. Mai fama da jiri ko hawan jini ya rage sunkuyon, ya bar kewayo da kai ta baya, ya tsaya kan karkata hagu da dama.

Na shida: shafa baya har ƙafa

Koma faɗin kafaɗa, gwiwoyi a miƙe. Ɗaga hannuwa ta gaba har bisa kai. Juya tafuka ƙasa ka danno su zuwa ƙirji. Juya su sama, ka zura su ta ƙarƙashin hammata zuwa baya. Shafa gefe biyu na ƙashin baya, ka gangara ta kwankwaso har mazaunai. Sai yanzu za ka sunkuya, tafuka na ci gaba da bin bayan cinyoyi da sha-raɓa, su zagayo su kwanta a kan ƙafafu. Ɗaga kai kaɗan, baya ya miƙe. Miƙa hannuwa gaba, su fara tashi, su ne za su jawo gangar jiki ta miƙe. Sau shida.

Shafar ta zama da ɗan nauyi, yadda za ka ji ɗumi a kwankwaso. Idan hannu bai kai ƙafa ba, tsaya a gwiwa ko ƙwauri, kada ka yi ta dannawa da ƙarfin tsiya. Bayan makonni jijiyoyin bayan cinya za su ba da hanya da kansu. Ana danganta wannan motsi da ƙarfin ƙoda da ƙugu.

Na bakwai: naushi da zare ido

Buɗe ƙafar hagu ka sauka tsayuwar mahayin doki. Dunƙule hannuwa a gefen ƙugu, amma irin dunƙulewar wannan fanni: babban yatsa a ciki, kansa a gindin yatsan zobe, sauran huɗun sun rufe shi. Tura dunƙulen hagu gaba a hankali har tsayin kafaɗa, ɓangaren babban yatsa na sama, ƙarfi na ƙaruwa yayin da hannun ke miƙewa. Zare idanu ka kafe su a kan dunƙulen, yatsun ƙafa su damƙi ƙasa. Sai ka buɗe hannun, ka murɗa shi babban yatsa ya kalli ƙasa, ka zagayo da wuyan hannu har tafin ya kalli sama, ka sake dunƙulewa yatsa bayan yatsa, ka jawo shi ƙugu. Sau uku kowane hannu.

A nan ne jinin wasan faɗa ya fi bayyana. Lura da inda ƙarfin ke fitowa: ƙafa ta taka ƙasa, ƙugu ya ɗan juya, kafaɗa ta bi, sannan hannu ya isar. Wannan ita ce ƙa'idar naushi a Taici da sauran salon da ake kira na cikin jiki. Gwiwar hannu ta goga haƙarƙari wajen fita da wajen dawowa, kuma gangar jiki kada ta bi hannu ta faɗa gaba.

Na takwas: ɗaga dunduniya

Haɗe ƙafafu, hannuwa a gefe. Ɗaga dunduniya biyu, tsakar ka na tokare sama, mara a ɗan tsuke, yatsun ƙafa riƙe da ƙasa. Dakata a sama ka sami daidaito. Sauko rabin hanya a hankali, sannan ka saki dunduniya ta bugi ƙasa bugu mai sauƙi, haƙora a haɗe, yadda girgizar za ta ratsa ƙashin baya. Sau bakwai. Dattijo ko wanda ƙafarsa ba ta da tabbas ya dafa bango ko bayan kujera.

Rufewa

Buɗe hannuwa gefe, ka kawo su ka ɗora ɗaya kan ɗaya a mara. Bisa al'ada namiji na sa hannun hagu a ciki, mace na sa na dama. Tsaya shiru kana jin mara na tashi tana sauka, numfashi biyar ko shida. Sannan ka sauke hannuwa, ka ɗan taka a hankali. Kada ka zabura ka kama wani aiki, kada kuma ka watsa ruwan sanyi nan take.

Maganar numfashi

A makonnin farko ka ƙyale numfashi ya yi yadda ya ga dama, ta hanci, ba tare da ka tsare shi ba. Mai koyo da ya ce sai ya haɗa hannu da ƙafa da ido da numfashi a rana ɗaya, ƙarshenta ya tashi da ciwon kai. Idan jiki ya haddace motsin, za ka ga numfashin ya fara bin sa: a ja iska lokacin ɗagawa da buɗewa, a fitar lokacin saukewa da rufewa. A naushi, fitarwa ake yi yayin da hannu ke tafiya gaba. Abin nema shi ne numfashi siriri, dogo, marar ƙara, wanda ke kumbura mara maimakon ɗaga kafaɗu. Duk lokacin da ka ji iska ta yi maka kaɗan, saki ƙa'idar ka shaƙa yadda kake so.

Hankali kuma ya zauna a kan abin da jiki ke yi. Tunanin kasuwa ko na gida zai zo, babu makawa. Kada ka yi kokawa da shi, mayar da hankalinka kan tafin hannu ko tafin ƙafa, ka ci gaba.

Yadda za ka tsara koyo

Mako na farko, tsayuwa da motsi na ɗaya da na uku sun ishe ka. Mako na biyu ka ƙara na huɗu da na takwas. Na uku ka kawo jan baka da naushi, tunda tsayuwarsu ɗaya. Na huɗu ka ɗauki na shida, ka ƙare da na biyar. Daga nan sai ka jera su yadda suke, daga ɗaya zuwa takwas, ba tare da yankewa tsakaninsu ba.

Malamai na yawan ba da shawarar a tsaya a kashi bakwai cikin goma na iyawa: idan za ka iya sauka ƙasa sosai, sauka kaɗan ƙasa da haka, idan za ka iya miƙa har ƙarshe, rage wani abu. Jikin da aka tilasta wa ƙanƙamewa yake yi, wanda aka lallaɓa shi ke sakewa. Alamar ka yi daidai ita ce ɗumi, da ɗan gumi kaɗan, da jin sauƙin jiki. Alamar kuskure ita ce zafi mai suka a gwiwa ko kwankwaso, ko jiri, ko bugun zuciya da haki. Idan ka ji ɗayansu, tsaya. Yin aikin gaban madubi, ko sa wani ya ɗauke ka da waya ka duba, yana tona karkatar da kai ba ka ji. Bidiyon tsarin 2003 na nan birjik a intanet, kuma yana taimakawa wajen gane saurin da ya dace. In ka sami malami ƙwararre, ya fi duka.

Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciwon zuciya, da wanda ke da matsalar ƙashin baya, su nemi shawarar likita tukuna. Wanda tsayuwa ke ba shi wahala zai iya yin motsin hannuwa a zaune kan kujera. Kuma kowa ya riƙe wannan da kyau: Baduwanjin ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ci gaba da shan abin da likita ya rubuta masa.

Daga nan sai Taici

Wanda ya zauna da motsi takwas ɗin nan wata uku ko huɗu ya riga ya mallaki harsashin Taici: tsayuwa, sakin kafaɗa, juya ƙugu, da natsuwa. Taici ya taso ne a ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan a ƙarni na 17, a gidan Chen. Yang Luchan, wanda ya rayu daga 1799 zuwa 1872, ya koya a can ya kai shi Beijing, jikansa Yang Chengfu kuma ya yaɗa salo mai faɗi da laushi wanda duniya ta fi sani. A 1956 aka fitar da gajeren tsari mai motsi 24 don jama'a, kuma a Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sa Taici cikin jerin al'adun gado na bil Adama.

Abin da Taici ya ƙara shi ne tafiya. Ana koyon ɗora nauyi duka a kan ƙafa ɗaya, a ɗaga ɗayar a sake, a ajiye dunduniya a hankali, sai an tabbatar da wurin sannan a zuba mata nauyi. Wannan ne ya jawo hankalin likitoci. Wani bincike da aka buga a 1996, wanda aka yi a Atlanta ta Amurka kan mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama, ya nuna cewa horon Taici na mako 15 ya rage haɗarin yawan faɗuwa da kusan rabi. A 2012 wani binciken a jihar Oregon kan mutum 195 masu cutar Parkinson ya nuna tsayuwarsu ta ƙara daidaita bayan mako 24. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya faɗi ya karya ƙugu ya san darajar wannan.

Sai dai babu binciken da zai amfani wanda ya karanta ya ajiye. Minti 12 a kullum sun fi awa biyu ranar Lahadi, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Mai karatu, gobe da safe ka fara da tsayuwa da motsi na ɗaya kawai, ka jawo mahaifi ko mahaifiya su tsaya kusa da kai, ku yi tare. Allah Ya ƙara mana lafiya mai amfani.